Ragowar Ƙullun Jiya

Akwai wata ƙwarya a ɗakin Goggo, ƙanwar mahaifina, can Malumfashi, wadda sabulu bai taɓa taɓa cikinta ba. Tun ina yarinya na san ta. Bayanta ya yi baƙi, cikinta ya yi santsi kamar an shafa mai. A ciki ake kwaɓa ƙullun waina, kuma in an gama suya da hantsi ba a kwashe ƙullun tas. Sai a bar kamar ludayi guda a gindi, a rufe da faifai, a tura ƙarƙashin gado. Da la'asar in an dawo daga niƙa, a kan wannan ragowar ake juye sabon ƙullu. Kafin asuba ya tashi har yana taɓa faifan, kumfa na fashewa a samansa, ƙamshin tsami-tsami ya cika ɗakin. Wata rana na ɗauko ƙwaryar da soso zan haɗa ta da wanke-wanke, Goggo ta riƙe hannuna.

"Ke 'yar nan, ajiye. In kika wanke ta, da me ƙullun gobe zai tashi?"

Shekaru suka shuɗe, na yi aure na tare a Funtua, na saba da abin da kowa ya saba da shi. In za a yi waina ko funkaso, a aiki yaro shago ya sayo yisti, a barbaɗa, a jira awa biyu. Ban sake tuna ƙwaryar nan ba sai a 2020, lokacin kullen korona. 'Yar yayata da ke karatu a Zariya ta zo ta zauna wurina, kullum tana nuna mini hotuna a waya. Mutanen Ingila da Amurka da Jamus sun zauna a gida, yisti ya yi wuya a kantunansu, sun koma gasa burodi irin na kakanninsu. Kowa na ɗaukar hoton wata kwalba mai kumfa, yana bayanin yadda yake ciyar da ita safe da yamma kamar mai kiwon ɗan akuya. Burodin tsami suke ce masa da harsunansu. Na karɓi wayar na duba da kyau, na ce mata, "Ai wannan ƙwaryar Goggo ce aka juye a kwalba."

Kuma ita ɗin ce. Abin da ke cikin kwalbar gari ne da ruwa, babu na uku. A jikin kowace ƙwayar hatsi, da tafin hannun mai kwaɓi, da bangon ƙwarya, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma iri biyu ne daga cikinsu ke mana wannan aiki. Na farko yisti ne na Allah da annabi, wanda bai bi ta kamfani ba. Shi ke cin sukarin da ke fita daga sitacin gari, ya saki iska, iskar ta kumbura kwaɓin. Na biyu dangin ƙwayoyin nan ne masu mayar da madara nono, su ke kawo tsamin. Tsamin kuwa shi ne mai gadin ƙofa, yana korar yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, ya bar wa waɗannan biyun fili. Duk sanda aka bar ragowa aka zuba sabon gari a kai, an buɗe wa waɗanda suka riga suka yi ƙarfi sabuwar gona ke nan. Bafulatanar da ke zuba ɗan nonon jiya cikin madarar yau, da mai kokon da ba ta zubar da ruwan tsamin gasararta, da Goggo, duk sana'a ɗaya suke yi.

Sai a 1857 Louis Pasteur, masanin nan na Faransa, ya rubuta cewa masu rai ne ke haddasa irin wannan tsami. A birnin San Faransisko na Amurka akwai gidan burodin Boudin da ke tinƙaho da cewa tun 1849 uwar kwaɓinsu ba ta yanke ba, kuma a 1971 masu bincike suka raɗa wa ƙwayar da ke kawo tsamin burodin can sunan birnin. Amma ba sai an ƙetare teku ba. Matar Habasha na tanadin ruwan saman ƙullun jiya don tayar da injerar gobe. Matar Sudan da ƙullun dawa mai tsami take yin kisra, kuma duk wanda ya ci kisra ya san 'yar'uwar sinasir ce.

Alkama ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ko da yake sunanta ya nuna hanyar da ta biyo. Daga Larabci muka aro shi, kamar yadda muka aro gurasa, da alkubus wanda asalinsa kalmar Larabci ce mai nufin burodi. Funkaso da alkaki da gurasar tanderu ta cikin birnin Kano duk sun girmi yistin leda nesa ba kusa ba. Da me suke tashi a wancan zamani? Da kwana, da ragowa, da ɗan nono, da ƙwaryar da ba a wankewa. Yistin leda ya zo da sauri, kuma ba na ganin laifin macen da ta rungume shi, don mai wainar sayarwa da ke tashi kafin kiran assalatu ta san darajar awa guda. Abin da ke damuna shi ne yadda cikin shekaru kaɗan dabarar ta fita daga hannunmu, har ta koma sai mun gani a waya kafin mu yarda abin kirki ce.

Dubi burodin da muke ci. Wanda ake jerawa a bakin tasha da teburin mai shayi fari ne fat, mai laushi, an cika shi da sukari da bota, an tayar da shi cikin gaggawa. In ka matse shi a hannu sai ya koma dunƙule kamar auduga. Da damina kwana biyu zuwa uku ya fara fumfuna. Hukumar NAFDAC ta haramta sinadarin buromet da ake sa wa kwaɓi don ya ƙara kumburi, saboda haɗarinsa ga lafiya. Fulawar kuma kusan duk daga alkamar waje take, don fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ƙasar nan ke ci ta jirgin ruwa take shigowa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, daga baya aka janye dokar. A 2012 gwamnatin Jonathan ta yi ta kiran a riƙa haɗa garin rogo. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, mai shayin Funtua ya ji shi a farashin burodi. Alhali mu a nan hatsi muke kwana a kai muke tashi a kai. Tun da shirin bunƙasa noma na Funtua ya fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, masara ta mamaye gonakin Bakori da Danja da Kafur da Faskari, ga dawa, ga waken suya, ga tireloli na lodi a kasuwar Dandume suna nufar kudu.

To, sai na sa kaina gwaji. Na sayo alkama tsaba a kasuwa, irin wadda ake nomawa da rani a Kadawa da kwarin Haɗeja, na tsince, na wanke, na shanya, na kai inji. Nan ma akwai abin lura: a je da sassafe kafin a fara niƙa wake da barkono, in ba haka ba burodin zai fito da labarin duk wanda ya riga ki layi. Na zuba cokali uku na garin, da dusarsa da komai, cikin kwalba mai faɗin baki, na zuba ruwa cokali uku, na juya, na rufe da tsumma mai tsabta. Ruwan rijiya ya fi dacewa. In na famfo ne mai warin magani, a bar shi ya kwana a randa. Kullum sai in rage rabi, in ƙara sabon gari da ruwa daidai na farko.

A kwana na biyu zuwa na uku sai ta yi kumfa, ta yi wani wari mara daɗi. A na huɗu sai ta kwanta shiru kamar ta mutu, kuma a nan ne yawancin masu gwaji ke zubarwa. Ba mutuwa ta yi ba. Baƙin da suka fara shiga ne tsami ke kora, masu gida na tafe. Wajen kwana bakwai zuwa goma warin ya koma ƙamshi irin na kindirmo, kuma in aka ciyar da ita takan ninka kanta cikin awa huɗu zuwa shida. Nakan ɗaura zare a jikin kwalbar daidai inda ta tsaya, don in ga iyakar tashinta. Wadda ke da maƙwabciya mai koko, cokali ɗaya na ruwan gasara a ranar farko na rage mata jira. Amma in aka ga fumfuna, ko wani launi ja-ja a sama, babu gyara, a zubar a wanke kwalbar a sake. A gidanmu uwar tsami muke ce mata.

Wata maƙwabciyata ta shinshina ta, ta yamutsa fuska ta ce, "Maman yara, anya wannan abin bai juye ba kuwa?" Na gane abin da take nufi, wato ko ya zama giya. Na ce mata abin da ke cikin kwalbar nan shi ne ke cikin duk ƙullun da ya kwana, da duk kwaɓin gidan burodi, kuma wuta ce ƙarshensu duka. Ruwan da kan taru a samanta alamar yunwa ce, a tsiyaye shi a ba ta gari.

Abin da bayanan waya ba su faɗa mini ba shi ne yanayinmu. Su da sanyi suke fama, suna neman inda za su ɗumama kwalba. Ƙwayoyin nan sun fi sakewa a zafin da bai wuce digiri 24 zuwa 28 ba. Da bazara kuwa, a Maris da Afrilu, zafin Funtua kan doshi 40, sai ka ga uwar tsami ta tashi cikin awa uku ta faɗi, ta yi tsami mai kama haƙori, kwaɓin ya saki ya zama kamar kunu. Dabarata a lokacin ita ce in ajiye kwalbar a gindin randa, kan jiƙaƙƙen yashin nan, in kwaɓa ta da tauri, in ciyar da ita sau biyu a rana. Da hunturu labarin ya juya. Wanda ya kwana a Funtua a watan Janairu ya san sanyinta ba wasa ba ne. Kwaɓin da aka yi da isha'i sai a tarar da shi da asuba ko motsi bai yi ba. Sai a kwaɓa da ruwan ɗumi, a lulluɓe da tsohon zane, a jingina kusa da murhun da aka sauke tuwo. A nan na gane dalilin da ya sa ƙwaryar Goggo ke sauya wurin kwana, wani lokaci ƙarƙashin gado, wani lokaci bakin madafa. Ba ta da ma'aunin zafi, fatar hannunta ce ma'auninta.

Kwaɓin kansa ba shi da wahala. Kofi huɗu na gari, wajen giram 500 ke nan, ruwa kofi ɗaya da rabi, uwar tsami rabin kofi a daidai lokacin da ta cika tashi, gishiri ƙaramin cokali biyu. Babu sukari, babu mai. Nakan raba garin biyu, rabi fulawa rabi alkamar inji, don dusa na yanka danƙon kwaɓi ta hana shi tashi sosai. A haɗa, a bari ya huta rabin awa, sannan a jiƙa hannu a jawo gefe a naɗe shi kan kansa ta kowace kusurwa. A maimaita sau uku ko huɗu, rabin awa tsakani. Da kanki za ki ji yana sauyawa, daga caɓi zuwa abu mai santsi mai ja da baya. In ya ƙaru da kamar rabin girmansa, a dunƙule shi, a shimfiɗa tsumma cikin ƙwarya, a barbaɗa garin shinkafa don kada ya manne, a kwantar da shi ya sake tashi.

Ba sai da tanderun zamani ba. Matan da ke gasa kek a tukunya sun riga sun san hanya. Tukunyar ƙarfe mai kauri, yashi ko 'yan duwatsu a gindi, faranti a kai, a ɗora kan gawayi har ta yi zafin da hannu ba zai iya tsayawa a bakinta ba. A kife kwaɓin a farantin, a tsaga samansa da sabuwar reza, a rufe, a zuba garwashi kan murfin. Tururin da ke kulle a ciki shi ke ba shi damar buɗewa kafin ɓawo ya kama. Bayan minti ashirin a ɗan karkata murfin tururin ya fita, a ƙara minti ashirin zuwa ashirin da biyar. In aka ƙwanƙwasa gindinsa ya amsa kamar ganga, ya yi. Sai jarrabawa ta ƙarshe, wato a bar shi awa guda kafin a sa masa wuƙa, ƙamshi na zagaya gida, yara na zarya.

Gaskiya, ranar farko yaran ba su yi murna ba. Ɓawon da tauri, cikin da ramuka, babu zaƙi, ga ɗan tsami. Bakin da ya tashi da burodin shayi sai ya ɗauki lokaci. Amma da na yanka na yayyafa masa ruwa da man gyaɗa da garin ƙuli-ƙuli da albasa, irin yadda Kanawa ke yi wa gurasa, faranti ya dawo fes. Da miyar taushe ma yana tafiya kamar don ita aka yi shi. Yanka biyu sun ƙosar da mutum har azahar, kuma yakan yi kwana huɗu ko biyar bai yi fumfuna ba, don tsamin na tsare shi. Daga baya na fara sa garin dawa ko masara. Su ba su da danƙon da alkama ke da shi, wanda ke riƙe iska, saboda haka kashi ɗaya cikin biyar shi ne iyakar da na ga burodin na ɗauka ba tare da ya zauna ba. Farar dawa ta fi shiga. Doguwar jiƙa cikin tsami kuma na warware wani sinadari da ke cikin dusar hatsi mai hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga mata masu fama da ƙarancin jini.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne batun masu ciwon sukari. Surukina, Baba, ya shekara da shekaru da wannan lalura. Kamar dubban irinsa, an ce masa ya bar tuwon masara ya koma na alkama, kuma ya koma, yana cin malmala biyu da zuciya ɗaya. Da ya ji ina gasa burodi marar sukari sai ya aiko jikansa, wai a kawo masa na masu ciwo. Na je da kaina na durƙusa na ce, "Baba, wannan ba magani ba ne. Sukari ne kawai ban zuba ba, amma sitacin na nan." A kowane giram 100 na fulawa akwai sitaci wajen giram 70 zuwa 75. Alkama da masara da dawa da gero da acca duk a wannan layin suke, kusa da juna. Sitaci kuwa in ya shiga ciki sukari yake komawa. Tsamin da dusar kan sa ya shiga jini a hankali ga wasu mutane, amma ƙwayoyin kwalba ɗan kaɗan suke ci daga sitacin, ragowar na jiran mai ci. Ba na son yadda ake tallar irin wannan burodi kamar waraka, domin tsohon da ya yarda da haka zai ci fiye da ƙima, wani ma ya ajiye maganinsa.

Wanda ke son rage sitaci da gaske, sai ya rage hatsin kansa. A Turai da garin almon suke yi, da wata dusa mai yauƙi da ake kawowa daga Indiya, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihunmu. Da na karanta aikin da kowannensu ke yi, sai na ga duk suna rumbunmu. Waken suya kusan kashi 40 cikin 100 nasa sinadarin gina jiki ne, abin da ke komawa sukari a cikinsa kaɗan ne. Gyaɗa da riɗi ma haka. Yauƙin da ke ɗaure kwaɓin da ba shi da danƙo kuwa, wace Bahaushiya ce ba ta san shi ba? Kuka ce ke riƙe ɗanwake, kuma tun da can masu waina ke sa garin kuɓewa ko karkashi don ta yi laushi.

Ga yadda nake yi wa Baba nasa. Rabin garin alkama ce mai dusa, don dole uwar tsami ta samu abin ci, in babu hatsi sam ba za ta tashi ba. Rubu'i garin waken suya, wanda na soya sama-sama na ɓarza na sheƙe ɓawon kafin niƙa, don ɗanyensa na da ƙarni kuma yana ɓata ciki. Ragowar rubu'in tunkuza ce da niƙaƙƙen riɗi. Sai babban cokali ɗaya na garin busasshiyar kuɓewa da ƙwai biyu. Gyaɗar a tsince ta da kyau, duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta motse a jefar, don fumfunar gyaɗa na da dafin da ke lahanta hanta, kuma gashi ba ya kashe shi. Wannan kwaɓi ba ya dunƙuluwa, sai a juye shi a gwangwanin gashi da aka shafa wa mai. Yana fitowa da nauyi, ya fi kama da alkubus mai kauri, kuma yana saurin yin duhu, saboda haka wutarsa a hankali. In aka yi lissafi, sitacinsa ya ragu da kusan rabi. Ragi ne na gaske, amma fiye da rabin na nan.

Shi ya sa yanka ɗaya Baba ke ci da safe, da ƙwai ko kwaɗon zogale, da shayi ba sukari. Awa biyu bayan ci jikansa ya huda masa yatsa ya auna, ya rubuta a littafi, littafin kuma a tafi da shi asibiti ranar ganin likita. Jikin kowa da yadda yake karɓa, na'urar awon ce ke raba gardama. Maganinsa bai fasa ko sau ɗaya ba.

Da na je Malumfashi da ƙaramar Sallah na tafi wa Goggo da guda. Ta tsufa, ta daina waina, ƙwaryar na rataye a ragaya. Ta gutsura ta jiƙa a shayi, ta tauna a hankali, ta ce tsamin ya ɗan yi yawa, in riƙa rage masa kwana da zafi. Sannan ta tambaye ni ko ina rufe kwalbar da faifai ko da murfin roba, don a cewarta abin na son numfashi.

'Yar'uwa, in kina son gwadawa, ki fara da kaka, tsakanin Oktoba da Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, sanyi bai kankama ba, sabon hatsi ya shigo gida. Kafin ki buɗe waya, ki je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidanku, ki tambaye ta da me take tayar da ƙullu kafin yisti ya zo shago.